Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Gwamnan Kebbi, Majalisar Dokoki da sarakunanmu huɗu kan fadamar da jikoki za su gada

Mai girma Gwamnan Jihar Kebbi, mai girma Kakakin Majalisar Dokoki da 'yan majalisa, masu martaba iyayenmu Sarkin Gwandu, Sarkin Kabin Argungu, Sarkin Yauri da Sarkin Zuru, Allah ya ƙara muku lafiya da nasara. Assalamu alaikum.

Mu malaman gona ne da injiniyoyin ruwa da ma'aikatan gandun daji 'yan wannan jiha, wasunmu na bakin aiki, wasu sun ajiye. Akwai tambayar da muke yawan ji, a kasuwa da ofis, har a bakin waɗanda ke zama teburin kasafin kuɗi: wai wannan sauyin yanayi da ake ta yayatawa zai taɓa jikokinmu da gaske, ko surutu ne na ƙasashen waje da za a yi a gaji? Amsarmu ita ce zai taɓa su, kuma fiye da yadda yake taɓa mu. Girman wahalar da za su sha ya rataya a kan ayyukan da ake sa wa hannu a Birnin Kebbi yanzu.

Kafin Turai ta fara ƙona kwal da mai a masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin kowane kashi miliyan na iskar da muke shaƙa. Yau ta haura 420. Ita ke tare zafin da ya kamata ya fice daga doron ƙasa, shi ya sa 2024 ta zama shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi, da ƙarin kusan digiri ɗaya da rabi a kan zamanin da ba a kafa masana'antu ba. Abin da ya mayar da batun na jikoki shi ne wannan iska ba ta washewa kamar ƙurar hunturu. Daga abin da aka fitar yau, kashi 15 zuwa 40 cikin ɗari zai kasance a sama bayan shekara dubu. Ko da duniya ta daina fitar da ita gobe, zafin zai tsaya ne kusa da inda ya kai, ba zai sauko da wuri ba. Jaririn da aka raɗa wa suna bana a Kamba ko Yelwa zai riski 2050 yana magidanci mai neman gonar kansa, in Allah ya ja kwanansa ya ga 2100 yana dattijo.

Mun san Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi huɗu cikin ɗari na wannan hayaƙi. Ba mu zo mu ce Kebbi ta ɗauki kayan da Amurka da Sin da Turai suka ɗaure ba. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Faris ta 2015, ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa nan da 2060, wannan duk magana ce tsakanin Abuja da duniya. Rabon Kebbi shi ne shiri, domin ruwan da ya tashi cin gona ba ya tambayar wa ya jawo shi.

Mutane da dama in an ce sauyin yanayi fari suke hangowa, kuma suna da hujja. Dattawanmu ba su manta farin 1972 zuwa 1974 ba, balle na 1983 zuwa 1985, lokacin da kogin Neja ya tsaya cak a Yamai a 1985. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa yankin Sahel, sai dai ya dawo da wani hali. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta ɗauki ƙarin tururin ruwa kusan kashi bakwai cikin ɗari, in ta tashi saukewa sai ta sauke gaba ɗaya. Masanan da suka bi hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982 sun tarar cewa manyan hadari masu tsananin ruwa a Sahel sun ninka sau uku. Jimillar ruwan shekara tana iya fitowa daidai a takarda, amma rabinsa ya zubo cikin 'yan kwanaki, ya gangare ba tare da ƙasa ta sha ba, sa'an nan a yi sati biyu ko uku ba ɗigo alhali gero na tsaye a gona. Haka manomin tudu da manomin fadama ke yin asara a damina guda, ɗaya ƙishi ya kashe masa shuka, ɗaya ruwa ya shanye tasa.

Mun ga ambaliyar 2010 da ta bi gulbin Rima, mun ga ta 2012, sai ta 2020 wadda rahotannin lokacin suka ce ta cinye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a wannan jiha, ana dab da girbi. A 2022 mutum sama da 600 suka rasu a faɗin ƙasar nan. Duk lokacin da aka yi, abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: ziyarar jaje, buhunan abinci, katifa da kwanon rufi. Tallafi wajibi ne ga wanda gidansa ya faɗi, ba mu raina shi. Amma ihu ne bayan hari, kuma kuɗin da yake ci shekara da shekaru ba ya barin komai a ƙasa da jika zai tarar.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ruwan da ke ƙarƙashin fadama, domin shi ne ba a gani, kuma a kansa noman rani gaba ɗaya yake zaune. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, sunan Kebbi ya haɗu da shinkafa, manyan injinan casa suka tashi a Argungu da Birnin Kebbi, ƙananan rijiyoyin burtsatse suka cika fadama daga Augie zuwa Suru da Bunza. Alheri ne, mun kuma yi murna da shi. Ga lissafin da ba a cika yi ba. Hekta ɗaya ta shinkafar rani tana shan ruwa kimanin milimita 1,000 zuwa 1,500 daga dashe zuwa girbi. Milimita ɗaya a kan hekta lita 10,000 ce. Ke nan kowace hekta na ɗebe lita miliyan 10 zuwa 15, kuma in ta ba da tan biyar, kowane kilo guda ya sha lita 2,000 zuwa 3,000. Wannan ruwa yana kwance ne cikin yashin da ke ƙasan fadama, abin da ke mayar masa da gurbi kuwa shi ne gulbi da malalar damina. In ɗiba ta fi abin da ke shiga, zai riƙa nutsewa a hankali, kowace shekara kaɗan, ba mai lura.

Ranar da za a lura ita ce ranar da inji ya fara jan iska. Injin ban ruwa da ke zaune a bisa ƙasa tsotso yake yi, kuma komai girmansa ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, wannan iyaka ce ta halitta da babu makaniken da zai gyara. Da ruwa ya kusa nan, za ku ga manomi ya haƙa rami ya sauke injin ciki don ya rage masa nisa, man da yake sha ya ƙaru, ruwan da ke fita a tiyo ya ragu. In ya wuce nan, sai mai halin haƙa rijiya mai zurfi da famfon da ake zurawa ciki. Mai ƙaramin fegi ya fita daga noman rani ke nan, shi da 'ya'yansa.

Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 wasu sun mayar da injinansu na gas, wasu na neman famfon sola, gwamnatoci kuma suna rabawa. Famfon sola abu ne mai kyau, muna goyon bayansa. Sai dai a lura da abu guda: tsadar mai ita ce take sa manomi ya kashe inji. Wanda rana ke ja wa ruwa kyauta ba shi da dalilin kashewa. Rabon famfon sola ba tare da auna ruwa ba zai gaggauta abin da muke tsoro. Saboda haka muna roƙon a ware rijiyoyin awo a kowane babban yanki na fadama, waɗanda ba a ɗibar ruwa a cikinsu. Malamin gona ya zura tef sau ɗaya a wata, a rana guda tsayayya, da sassafe kafin a tayar da injinan maƙwabta, ya rubuta zurfin. Cikin shekara biyar za a san inda ruwa ke tsaye da inda yake gudu, sai a san inda za a ƙara rijiya da inda za a mayar da wani sashe ga alkama, albasa ko masara, waɗanda ba su kai shinkafa sha ba.

Akwai kuma dabarar rage shan ruwan shinkafar kanta, wadda kayanta ba su wuce guntun bututun roba ba. A yanko bututu mai tsawon santimita 30, faɗin bakinsa 10 zuwa 15. A huhhuda rabinsa na ƙasa ta kowane gefe. A kafa shi a cikin fegi, kusa da kunya inda za a iya leƙawa, rabi a ƙasa rabi a sama, a kwashe lakar da ke ciki har gindi. Bayan sati biyu da dashe, a cika fegi zuwa santimita biyar, sa'an nan a bar shi. Ruwan saman zai ƙafe, ƙasa ta fara nuna tsaga, hankalin manomi ya tashi, amma saiwa na cikin danshi muddin ana ganin ruwa a cikin bututun. Sai ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar fegi, wato ya kai gindin bututu, a sake cikawa. Wannan kan rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba, man inji ma ya ragu daidai da haka. Inda ake kuskure uku ne. In fegi bai daidaita ba, tudunsa zai bushe alhali bututun na nuna ruwa. In ciyawa ta yi yawa, busarwar ita za ta yi wa daɗi, sai a jinkirta sati biyu ko uku har a ci ƙarfinta. Mafi muni shi ne a ci gaba da busarwa lokacin fure. Daga sati guda kafin shinkafa ta fitar da kai zuwa sati guda bayansa, ruwa ya zauna santimita biyar ba yankewa. A ƙasa mai rairayi sosai dabarar ba ta cika yi ba.

Maganar fure ta kawo mu ga zafi. Shinkafa na buɗe furenta da hantsi, in zafin da ke kan zangarniya ya wuce digiri 35 a wannan ɗan lokaci, ko na awa guda ne, ƙwaya ba ta ɗauka. Gona za ta yi kore shar, kai ya fito da kyau, a zo girbi a tarar da fanko. Zafin dare ma yana ci: gwajin da aka yi a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ya nuna amfanin rani na raguwa kusan kashi goma cikin ɗari da kowane ƙarin digiri ɗaya na zafin dare. Iri irin FARO 44 yana fure kusan wata guda kafin ya nuna, wato wajen kwana 80 zuwa 90 daga zuba iri. Wanda ya zuba a tsakiyar Disamba zai sha fama da sanyin hunturu da ke tsayar da tsiro, amma furensa zai faɗo cikin Maris. Wanda ya zuba ƙarshen Janairu furensa zai faɗo ƙarshen Afrilu, lokacin da Birnin Kebbi ke haura digiri 40. Abin da ke ceton irin wannan gona shi ne busasshiyar iskarmu, wadda ke sa ganye ya yi gumi ya sanyaya kansa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da wadataccen ruwa a daidai watan da ruwan rijiya ya fi nisa. Mai girma Gwamna, duk buhun iri ko taki na noman rani da aka raba a Janairu ya tura manomi cikin wannan tarko. Kayan rani su isa hannu kafin Nuwamba ya ƙare. Yau ana iya tsallakewa da sa'a, amma da ƙarin digiri ɗaya ko biyu a zamanin 'ya'yanmu, wannan tazara ta 'yan makonni ita ce za ta raba girbi da asara.

Ga shinkafar damina a wuraren da ruwa ke kwanciya, akwai FARO 66 da FARO 67 da aka saki a 2017, masu jure nutsewa har kusan sati biyu. Ba sa maganin ambaliyar wata guda, kuma ba su da amfani in suna cikin kundin bincike. A ba ƙungiyoyin manoma aikin ninka su a nan cikin jiha.

Muna kuma jan hankalin masu son a gina ganuwa a tare gulbi gaba ɗaya. Malalar da ke cin gona a Satumba ita ce ke cika yashin da ake sha a Maris, ita ke kawo sabuwar laka, a cikinta kifi ke hayayyafa kafin ya koma gulbi ya isa Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu. Gari ake karewa da ganuwa, fadama kuwa a bar mata hanyar shan ruwa. Kuma ruwanmu daga hannun wasu yake zuwa: madatsar Bakolori da aka gama a 1978, ta Goronyo ta 1984, sai kogin Neja da ke biyowa ta Mali da Nijar, inda aka fara gina madatsar Kandaji. Laka na cike madatsu a hankali, abin da suke iya riƙewa yana raguwa, ga shi ruwan da ke afka musu a lokaci guda yana ƙaruwa. Ɓallewar madatsar Alau da ta sa ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024 ta isa ishara. Kebbi na buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima kan cewa duk sakin ruwa za a sanar da shi da kwanaki, sanarwar kuma ta bi ta rediyo da waya har ta kai ga hakimi, dagaci da Sarkin Ruwa, kada ta kwana a tebur.

Iyayenmu sarakuna, maganar tudu a hannunku take fiye da kowa. An daɗe ana bikin dashen itatuwa a ƙasar nan, kuma Kebbi na cikin jihohi goma sha ɗaya na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa. Dalilan da ke kashe dashe sanannu ne: a dasa a ƙarshen Agusta ruwa na shirin ɗaukewa, ba shinge, ba wanda aka ce nasa ne, awaki su gama da shi kafin Disamba, wanda ya tsira ya mutu a bazarar farko. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun bi wata hanya tun shekarun 1980, suna kiranta sassaben zamani, kuma da ita suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar, itace wajen miliyan 200, akasari ba da dashe ba. Kututturen gawo, kalgo, sabara, magarya da aduwa da muke sarewa kowace shekara a sassabe suna da rai, saiwarsu ta riga ta yi nisa. Abin yi shi ne manomi ya zaɓi kututturen da zai raya, ya bar masa toho uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran. Ya datse ƙananan rassa har rabin tsawon kowane toho, da kaifaffar adda, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ya ɗaura tsumma alamar mai shi na so. Duk bayan 'yan watanni ya koma ya rage, abin da ya rage kuma itacen girki ne. A fara da ashirin zuwa arba'in a hekta. Gawo shi ne sarki a nan, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da dabba.

Abin da ke kashe wannan aiki shi ne rashin tabbas kan mai itacen. Manomin da ke tsoron za a ci shi tara in ya sare reshen itacen da ya raya a gonarsa, ko wani zai zo da dare ya sare ba a hukunta shi ba, ba zai bar toho ya girma ba. A Nijar sai da wannan tsoro ya kau sa'an nan abin ya bazu. Muna roƙon Majalisa ta fayyace a doka cewa itacen da mutum ya raya a gonarsa nasa ne, masarautu kuma su sa kowane ƙauye ya yi ƙa'idarsa, a zauna da makiyaya a ciki tun farko, domin su ma suna da rabo a ganye da inuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu cewa ko ƙiyama za ta tashi alhali ɗayanmu na riƙe da dashe, in zai iya dasawa ya dasa. Wannan ya isa amsa ga mai cewa lamarin duk ƙaddara ce, a zauna.

Inda ƙasa ta riga ta zama fako, a Arewa da Dandi da makamantansu, akwai ramukan da ake haƙa da rani: faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, taku guda tsakani, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba tafi ɗaya ko biyu na takin gida. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya a ramin maimakon ya gudu. Aiki ne mai cin ƙarfi, wajen rami dubu goma a hekta, don haka nan ne ya dace a sa kuɗin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa na Bankin Duniya, a biya matasa su haƙa a watannin da suke tafiya cirani. In an haɗa da gero mai saurin nuna irin SOSAT, da cikin murfin kwalbar lemo na takin zamani a kowane rami ba tare da ya taɓa iri ba, fako na komawa gona.

Kwalbati da gada da unguwa su ma gado ne. Kwalbatin da aka zuba bana za ta yi shekara talatin zuwa hamsin, kuma galibi ana auna faɗinta ne da tsohon lissafin ruwan sama. Ruwan da ake cewa sau ɗaya yake zuwa a shekara hamsin, yiwuwar ya zo cikin shekara talatin ta kai kashi 45 cikin ɗari, tun ma kafin a sa ƙaruwar manyan hadari a lissafi. Ƙara faɗin kwalbati a ranar gini ɗan kuɗi ne a kan sake gina hanyar da ta yanke. Ma'aikatar ayyuka ta sabunta ma'auninta, a kuma shata iyakar da ruwan 2020 ya kai a kowane gari na bakin gulbi, da ginshiƙan kankare da kowa zai gani, a daina yanka fili a ƙasa da ita. Ƙidayar 2006 ta ba Kebbi mutum kimanin miliyan 3.2, kuma al'ummar da ke ƙaruwa da kashi uku cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin shekara 24. Waɗannan mutane za su nemi wurin gini, in ba a nuna musu tudu ba za su gangara hanyar ruwa.

Za a ce mana tsaro ya fi gaggawa, kuma wanda ya san halin da ake ciki a Danko Wasagu da Sakaba ba zai musa ba. Ba ma ɗora laifin ɗan bindiga a kan yanayi. Amma burtalin da aka nome, mashayar da ta ƙafe da saurayin da gonar gidansu ta daina ciyar da shi duk suna ƙara wa wutar itace, kuma waɗannan suna hannun jiha da masarautu. Za a kuma ce na baya za su zo da fasahar da ta fi tamu. Allah ya sa. Gawo dai sai ya yi shekaru kafin ya yi inuwa, ƙasar da ruwa ya kwashe zuwa gulbi kuma ba ta dawowa a rayuwar mutum guda.

Abu mafi araha da muke roƙo shi ne ma'aunin ruwan sama. Jihar nan mazaɓu 225 gare ta. A sa ma'auni ɗaya a wata makaranta a kowace mazaɓa, a fili nesa da itace da rufi, malami ɗaya ya karanta kullum a sa'a guda da safe, ya rubuta a littafi, ya tura ta waya. Amfaninsa na farko a damina mai zuwa ne: ƙa'idar da ake bi a Sahel ita ce kada a yi shuka sai an sami aƙalla milimita 20 cikin kwana uku, kuma hasashen NiMet, hukumar yanayi ta ƙasa, bai nuna doguwar tsayawar ruwa a gaba ba, wannan kaɗai zai rage binne iri sau biyu. Amfaninsa na biyu sai an jima, domin masana ba sa yanke hukunci kan yanayin wuri sai da lissafin shekara talatin. Injiniyan da zai auna gada a Bagudo ko Koko a 2060 da wannan littafi zai yi aiki. Jami'o'inmu na Aliero, Birnin Kebbi da Zuru za su iya riƙe bayanan.

Duk waɗannan ayyuka sun fi wa'adin gwamnati ɗaya tsawo, shi ya sa muke roƙon su shiga doka. Majalisa ta yi wa jiha dokar da za ta ware wani kaso tsayayye na kasafi ga awon ruwa, gyaran ƙasa da malaman gona, ta kuma wajabta a buga kowace shekara abin da ya shigo daga asusun kula da muhalli na tarayya da inda ya tafi. Muna neman a kira zaman jin bahasin jama'a kafin a gabatar da kasafin baɗi, a gayyato hukumar kogunan Sakkwato da Rima, NiMet, NIHSA mai hasashen ambaliya da KARDA, hukumar raya noma ta jiha, tare da Sarakunan Noma, Sarakunan Ruwa, ardo-ardo da mata masu turara shinkafa. A shirye muke mu zo da kayan awo mu nuna yadda ake kowane ɗaya daga cikin abin da muka ambata, a kowace gona aka zaɓa.

Allah ya ja zamanin sarakunanmu, ya yi wa shugabanninmu jagora.

Daga wasu malaman gona, injiniyoyin ruwa da ma'aikatan gandun daji 'yan Jihar Kebbi.